Iyakwandishan Ɗin Mota: Ina Gas Ɗin Yake Tafiya?

A watan Afrilu, lokacin da bazara ta kankama, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. A daidai wannan lokaci ne kasuwar masu gyaran iyakwandishan ɗin mota take buɗewa. Duk wanda ya ratsa ta unguwar kanikawa da hantsi zai tarar da motoci jere, an ɗaga murfin injinsu, yara masu koyon aiki suna ta kai da kawo da tukwanen gas da tiyo kala uku: shuɗi da ja da rawaya. Mai mota zai fito yana sharce gumi ya ce, "Malam, sanyin nan fa ya ragu." Bakanike kuwa, tun bai taɓa komai ba, sai ya amsa, "Ranka ya daɗe, ai gas ne ya ƙare. Bari a cika maka." A cika, a biya, a tafi cikin sanyi. Bayan mako shida ko bakwai sai a dawo a maimaita zancen kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ni kaina na yi wannan zarya har sau uku a bazara guda, da wata tsohuwar mota 'yar Beljiyam, kafin wani dattijon bakanike ya ƙi karɓar kuɗina. Ya haska tocila a gaban injin, ya nuna mini wani wuri da ƙura ta daskare a kan maiƙo, faɗinsa bai fi na kwabo ba, ya ce, "Malam, ga inda kuɗinka suke bi."

Abin da dattijon nan ya sani, wanda da yawa daga cikin masu mota ba su sani ba, shi ne gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa irin ƙarewar fetur. Fetur ƙona shi ake yi, ya zama hayaƙi ya fita ta salansa. Shi kuwa wannan gas ba a ƙona shi, aiki kuma ba ya cinye shi. Zagayawa kawai yake yi a cikin wata rufaffiyar hanya, shekara da shekaru. Saboda haka duk ranar da ya ragu sosai, to, sulalewa ya yi ta wata kafa. Kafin mai karatu ya gamsu da wannan magana, sai mun fara duba yadda na'urar take aiki.

Darasi daga randa

Da farko dai, na'urar ba ta ƙera sanyi. A ilmin fiziya, zafi shi ne abin da ake iya aunawa a kuma ɗauka daga wuri zuwa wuri. Sanyi kuwa ƙarancin zafi ne kawai, kamar yadda duhu yake ƙarancin haske. Ɗabi'ar zafi ita ce ya kwarara daga abu mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba, tamkar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari. Aikin iyakwandishan shi ne ya juya wannan al'ada, ya kwashi zafi daga cikin mota, inda ake so a zauna a digiri 23 ko 24, ya kai shi waje inda ake fama da digiri 40. Hawa da ruwa kan tudu ke nan, kuma ba ya yiwuwa sai da ƙarfi da dabara.

Dabarar kuwa tana nan a tsakar gidan kowa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, alhali a inuwa ɗaya aka ajiye su? Jikin randa yana da 'yan ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busa shi ya zama tururi. To, ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya sha zafi mai yawa. Kilo ɗaya na ruwa yana bukatar fiye da kilojul 2,200 kafin ya koma tururi, wato ninki biyar da ɗoriya na abin da ake bukata don a ɗaga zafin wannan ruwa daga digiri sifiri zuwa 100. Wannan zafi daga jikin randar da ruwan cikinta ake zaro shi, shi ya sa suke yin sanyi. Masana suna kiransa ɓoyayyen zafi, domin yana shiga cikin abu ba tare da ma'auni ya nuna ƙari ba. Shi ne amfanin gumi a jikin ɗan Adam, shi ne kuma sanyin da ake ji idan ma'aikacin asibiti ya goga sifirit kafin ya yi allura. Da wannan ilmi ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sai dai randa tana da aibi biyu. Ruwan da ya tashi ya tafi ke nan, sannan da damina, in iska ta cika da laima, sanyin nata sai ya ragu. Saboda haka masu ƙira suka nemi wani abu mai ruwa-ruwa da zai riƙa zama tururi a inda ake so, a kama tururin, a mayar da shi ruwa a wani wuri daban, a sake turo shi. Abin da ya ba su dama shi ne wata doka ta biyu: matsayin zafin da abu ke tafasa ya dogara ne da matsin da ke kansa. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200 kuma iska ba ta danne ruwan sosai ba, yana tafasa a wajen digiri 96. Malami zai iya nuna wannan a aji da sirinji marar allura. A zuƙi ruwa mai ɗumi kaɗan, a fitar da iskar da ke ciki, a toshe bakin da yatsa, sannan a ja hannun sirinjin da ƙarfi. Nan take ruwan zai soma ɓulɓula yana tafasa ba tare da wuta ba. Da zarar an saki kuwa sai ya lafa.

Gas ɗin da ke cikin mafi yawan motocin da ke kan titunanmu ana kiransa R-134a. In aka sake shi a fili, yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri. In aka matse shi har matsin ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau uku, zai tafasa a wajen digiri sifiri. In kuwa aka kai matsin ninki 17, ba zai iya zama tururi ba sai zafinsa ya kai digiri 60. Ƙasa da haka ruwa yake komawa. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu na ƙarshe, domin a kansu aka gina na'urar baki ɗaya.

Zagaye ɗaya

Bari mu bi gas ɗin zagaye guda. Zuciyar na'urar ita ce kwamfireso, wanda ke ɗaure a jikin injin, fambel yana juya shi. A motoci da yawa, in direba ya danna maɓalli sai a ji ƙarar "ƙas", wato wani kuloci mai aiki da maganaɗisu ya kama. Motoci masu aiki da batir kuwa da lantarki kwamfiresonsu yake juyawa. Kwamfireso yana zuƙo gas yana tururi, ya matse shi. Duk yaron da ya taɓa ba tayar keke iska ya san gindin famfo yana ɗaukar zafi. Haka shi ma gas ɗin yake fitowa da zafin da ya zarce na rana nesa ba kusa ba.

Daga nan sai ya shiga kwandensa, wani faffaɗan abu mai siraran hanyoyi da fikafikan alminiyam, wanda aka kafa a gaban lagireto. Iskar waje, ko da ta kai digiri 40, sanyi gare ta in aka gwada da gas mai digiri 60 ko fiye. Saboda haka sai zafi ya bi al'adarsa ya fita zuwa cikin iska, gas ɗin kuma ya koma ruwa. Ruwan yana ratsawa ta wata 'yar kwalbar ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyi masu tsotse laima, 'yan uwan waɗanda ake samu cikin 'yar jaka a kwalin sabon takalmi. Sannan ya iso wata ƙuntatacciyar ƙofa, ko dai bawul ko siririn bututu. Da ya tsallake ta sai matsi ya faɗi zuwa ninki uku, ya fantsama cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. A nan yake tafasa a kusa da digiri sifiri, kuma zafin da yake bukata don tafasar daga iskar cikin mota yake zaro shi, wadda fanka ke turowa ta kan fikafikan. Iskar ta fito da sanyi, tururin kuma ya koma wa kwamfireso da kayan zafin da ya ɗauko. A taƙaice, randa ce aka rufe, aka hana tururinta gudu.

Akwai abu biyu da suka cancanci a lura da su a nan. Ruwan da ake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota in na'urar tana aiki ba alamar lalacewa ba ne. Laimar iska ce ta taru a kan wannan ƙaramin lagireto, kamar yadda take taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi, aka fitar da ita ta wani tiyo. Shi ya sa da damina, in gilashi ya yi hazo daga ciki, kunna iyakwandishan ke share shi. Na biyu, gas ɗin ba shi kaɗai yake zagayawa ba, yana tafe da man da ke hana kwamfireso cin kansa. Ke nan in gas ya ragu, man ma ba ya komawa gida yadda ya kamata, kuma kwamfireso shi ne mafi tsada a duk kayan.

Kafofin sulalewa

Firijin gida yakan yi shekara goma ko fiye ba a ƙara masa gas ba, domin duk hanyoyinsa na ƙarfe ne, an like su, kuma a wuri ɗaya yake zaune. Mota kuwa ba ta da wannan hutu. Injin yana girgiza, don haka dole a haɗa kwamfireso da sauran kayan da tiyo na roba. Kowace mahaɗa tana da zoben roba, wanda zafi da tsufa suke busarwa. Sandar da ke juya kwamfireso ta ratso daga waje zuwa ciki, bakinta ma sai da abin toshewa. Kwandensa kuma yana can gaba yana karɓar duk tsakuwar da tayar babbar mota ta watso. Ta jikin roba kanta gas yana iya sulalewa kaɗan-kaɗan, amma wannan yakan ɗauki shekaru kafin a ji shi a jiki. Motar da ke neman ciko duk bayan wata biyu rami gare ta, kuma cika ta ba tare da an toshe ba zuba ruwa ne a rariya.

Neman ramin ba wani siddabaru ba ne. Tun da gas yana tafe da mai, inda ya fita yakan bar maiƙo, ƙura kuma ta manne a kai. Abin da dattijon nan ya nuna mini ke nan. Ana shafa ruwan sabulu a mahaɗa a duba kumfa, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar da ta sace. Ana zuba wani rini da ke ƙyalli in an haska shi da fitila ta musamman. Akwai na'urar hannu mai shinshino gas ta yi ƙara. In na'urar ta riga ta zama fanko, sai a cika ta da busasshiyar iskar naitirojin a ga ko matsi zai ragu. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne a jawo tukunyar oksijin ta mai walda a yi wannan gwaji da ita, domin oksijin da mai in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Daga gareji zuwa sararin samaniya

Gas ɗin da ya sulale bai ɓace ba, sama ya yi, kuma tarihin wannan tafiya tasa yana daga cikin manyan labaran kimiyya na ƙarni na ashirin. Firijin farko sun yi aiki ne da abubuwa masu guba ko masu kama wuta, irin su amoniya da wani da yanzu ake kira R-40. A shekarar 1928 wani Ba'amurke mai suna Thomas Midgley da abokan aikinsa suka gano wani rukunin gas marar wari, marar guba, wanda ba ya kama wuta. A 1930 ya tsaya gaban taron masana ya shaƙi gas ɗin ya hure kyandir da shi don ya nuna amincinsa. Wannan shi ne R-12, wanda aka sayar da sunan Freon. A 1939 kamfanin Packard ya fara sayar da mota mai iyakwandishan, ko da yake kayan sun cinye babban ɓangare na but, kuma in ana so a kashe sai an tsaya an cire bel. Daga nan har farkon shekarun 1990, R-12 ne a cikin motocin duniya, har da Peugeot 504 da 505 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna.

Abin da aka yaba wa R-12, wato ba ya haɗuwa da komai, shi ne ya zama aibinsa. Yakan yi kimanin shekara 100 a iska bai ruɓe ba, har ya hau can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, inda shimfiɗar ozon take tare muggan haskokin rana masu ƙona fata da lalata ido. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa a can sama hasken rana yana fasa gas ɗin ya saki kulorin, kuma ƙwayar kulorin ɗaya tana iya wargaza dubban ƙwayoyin ozon. A 1985 masu bincike 'yan Birtaniya suka ba da rahoton wani babban giɓi a shimfiɗar a saman Antatika. Bayan shekara biyu, a 1987, aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a ƙasar Kanada don daina ƙera irin waɗannan gas. Ƙasashe masu tasowa aka ba su wa'adi zuwa 2010. Molina da Rowland da Paul Crutzen sun sami kyautar Nobel a 1995. A farkon 2023 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa shimfiɗar tana warkewa, kuma ana sa ran ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2040 a mafi yawan duniya, a saman Antatika kuwa wajen 2066.

R-134a, wanda ya gaji R-12 a motoci tsakanin 1992 da 1995, ba shi da kulorin, don haka ba ya taɓa ozon. Amma an gudu ne ba a tsira ba, domin yana riƙe zafin duniya. A tsawon shekara 100, kilo ɗaya nasa yana yin aikin kilo 1,430 na iskar kabon da ke fita daga salansa. Ga lissafi ga ɗalibai: in mota tana ɗauke da giram 600, aka buɗe bawul aka sake shi a iska, daidai yake da kilo 858 na iskar kabon. Lita ɗaya ta fetur in an ƙona ta tana ba da kimanin kilo 2.3. A raba a gani: wannan 'yar ƙarar "fuuu" ta minti ɗaya a gareji ta kai ƙona lita 370 na fetur. Dalilin haka ne Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu R-134a daga 2017, aka kuma yi wa Yarjejeniyar Montreal gyara a birnin Kigali a 2016 don a rage irinsa a hankali. Magajinsa a motoci shi ne R-1234yf, wanda ke ruɓewa a iska cikin kimanin kwana 11, alhali R-134a yakan kai shekara 14. Shi ma yana da nasa: ya fi tsada ainun, kuma yana iya kama wuta, ko da yake ba cikin sauƙi ba.

Yadda cikawa ta gaskiya take

Da yake mafi yawan motocinmu sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, a gareji ɗaya ana iya samun duk zuriya ukun. Abu na farko ke nan da ya kamata a duba shi ne wata 'yar takarda da ke manne ƙarƙashin murfin injin. Ita ce ke faɗin irin gas ɗin, da nauyinsa a giram, sau da yawa har da irin man. Ba a gauraya su, kuma man R-12 ba ya tafiya da R-134a. Da gangan masu ƙira suka bambanta bakin bawul ɗin kowane iri don kada a yi kuskure. Wanda ya nemo abin haɗi ya tsallake wannan shinge, kansa ya cuta ko mai motar.

In akwai sauran gas a ciki, a kwashe shi da na'urar kwashewa zuwa tukunya maimakon a sake shi a iska. A gyara ramin. In an buɗe hanyoyin, a sauya kwalbar nan mai tsotse laima, domin ƙwayoyinta sun riga sun ƙoshi. Sannan a ɗaura famfon zuƙe iska ya yi aiki kamar rabin awa ko fiye. Wannan mataki shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa, kuma shi ne darasin sirinji a aikace: in matsi ya faɗi ƙwarai, duk wani ɗigon ruwa da ya maƙale a ciki sai ya tafasa ya fita. In aka bar shi, zai daskare a ƙuntatacciyar ƙofar nan ya toshe ta, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Da tafiya ta yi nisa kuma ya haifar da tsami mai cin ƙarfe daga ciki. Bayan an kashe famfon sai a jira a ga ko allurar geji za ta motsa. In ta motsa, da sauran rami.

Sai zuba gas, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Da yawa suna zubawa ne suna kallon geji, ko suna taɓa bututu su ji ya yi sanyi. Alhali muddin akwai ruwan gas a cikin rufaffen wuri, matsinsa yanayin zafi yake bi, ba yawansa ba. A ranar da ake digiri 40, mota a kashe, geji zai nuna wajen ninki goma, ko na'urar cike take ko ta yi rabi. Mai sayar da gas ɗin girki ya san wannan, shi ya sa a kan sikeli yake ɗora tukunya. Haka ya kamata a yi wa mota: ƙananan motoci sukan ɗauki tsakanin giram 400 zuwa 800, kuma abin da takarda ta ce shi za a auna a zuba. Ƙari a kan haka ba ya ƙara sanyi. Yana cika kwandensa da ruwa ya rage masa wurin aiki, matsi ya hau, har ma ruwan ya iya komawa cikin kwamfireso, wanda don matse tururi kawai aka ƙera shi. Geji yana da amfaninsa, amma wajen gano cuta ne lokacin da injin ke aiki. Tawa motar haka aka yi mata a ƙarshe: aka sauya kwandensa da kwalbar, aka zuƙe iska, aka auna gas a sikeli, kuma har na rabu da ita ba a sake ɗaura mata tiyo ba.

Ingancin gas ɗin kansa ma abin dubawa ne, don araha ba ta ado. Wasu sukan zuba R-22 na iyakwandishan ɗin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota. Wasu kuma gas mai kama wuta irin na girki, a cikin na'urar da ba don shi aka ƙera ta ba, wadda kuma wani ɓangarenta yake daidai gwiwar fasinja. Mafi muni shi ne jabu. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa suka fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka rasu. Bincike ya nuna an cika su ne da jabun R-134a wanda aka gauraya da R-40, wato tsohon gubar nan da aka guje wa tun zamanin Midgley. Shi R-40 yana cin alminiyam ya haifar da wani sinadari mai kama wuta da kansa in ya haɗu da iska, kuma kwamfireson mota da alminiyam ake yin sa. Ɗalibin da ke koyon aiki a gareji bayan an tashi daga makaranta ya kuma sani cewa ruwan gas in ya fantsamo yana daskarar da fata da ido nan take, in kuma ya taɓa harshen wuta yana rikiɗa ya zama hayaƙi mai guba.

Abin da ke hannun mai mota

Sau da yawa ma raguwar sanyi ba ta da alaƙa da gas. Ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji suna toshe fikafikan kwandensa, zafi ya rasa hanyar fita. Wanke shi da ruwa a hankali, ba da ƙarfin da zai lanƙwasa fikafikan ba, yakan dawo da sanyin da aka ɗauka ya tafi. In mota tana sanyi a kan babbar hanya amma ta daina a cunkoso, fankar gaba za a fara tuhuma. In iskar ce ta yi rauni, a duba matatar da ke bayan akwatin gaban fasinja, wadda a ƙasa mai ƙura irin tamu ba ta kai wa'adin da aka rubuta mata. Wari irin na rumfar da ruwa ya jiƙa kuwa alama ce ta toshewar tiyon fitar da ruwa ko funfuna a ciki. Da hunturu, ko ana rawar ɗari, yana da kyau a kunna na'urar na minti goma a mako, don mai ya zagaya ya jiƙa robobin kada su bushe.

Motar da aka rufe a rana, zafin cikinta yakan ƙaru da wajen digiri 20 a kan na waje cikin awa ɗaya, kuma mafi yawan ƙarin a rabin awar farko yake faruwa. Sassauta gilashi kaɗan ba ya hana shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba a barin yaro a cikin mota, ko da za a shiga kanti ne a fito. Ga na'urar kuwa, hikima ita ce a sauke gilasai a fara tafiya, iska mai zafi ta fice, sannan a rufe a danna maɓallin da ke sa ta riƙa juya iskar ciki, tun da sake sanyaya iska mai digiri 28 ya fi sauƙi a kan jawo sabuwa mai digiri 42. Aljihu ma zai shaida, domin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi, musamman a gajeriyar tafiya, iyakwandishan yana iya rage nisan da lita ke kai mota da fiye da kashi 25 cikin ɗari.

Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya mayar da duk wannan aikin gwaji, in wani malami ya ba da aron motarsa. A ajiye ta a inuwa, a rufe ƙofofi, a kunna na'urar da maɓallin juya iskar ciki, a sa ma'aunin zafi na ɗakin gwaji a bakin mafitar iska ta tsakiya. Bayan minti goma a rubuta abin da ya nuna, tare da zafin waje. Lafiyayyar na'ura takan ba da tsakanin digiri 5 zuwa 10, ko sama da haka kaɗan in rana ta take. A maimaita a farkon kowane wata, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a zana sakamakon a takardar jadawali. Sau ɗaya kuma a auna kafin a wanke kwandensa da bayan an wanke, a gwada lambobin biyu.